Sabuwar Kyamarar Baban Auta

Baban Auta ya yi shekara talatin da ɗaya yana ɗaukar hoto a shago guda, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti. Ɗaki ɗaya ne da labule uku a bango: fari na fasfo, shuɗi na takardun makaranta, da wani mai zanen lambu na masu son ado. Akwai kujera marar jingina, da madubi, da mataji ɗaure da zare don kada a wuce da shi. Aikinsa bai wuce ya zaunar da mutum, ya ɗaga masa haɓa, ya hana shi motsi ba.

Kyamararsa ta kai shekara goma sha biyu. Robar mariƙinta ta saɓule, ya manne ta da gam har sau biyu. A shago ba ta taɓa ba shi kunya ba, tunda fitilu biyu yake haska mata, wanda ke gabanta kuwa ko numfashi mai ƙarfi ba ya yi.

'Yarsa ta ƙarshe, Auta, tana aiki a teburin karɓar baƙi na wani ɗakin gwajin jini. Shekara bakwai da suka wuce mota ta buge babur ɗin da ya ɗauko ta, tun daga nan take kan keken guragu. Bara wata abokiyar aikinta ta ja ta zuwa ƙungiyar mata masu buga ƙwallon kwando a kan keke. Ta je kallo, ta ƙare da shiga wasan, ta dawo da bororo a tafin hannu. Bayan wata huɗu ta ce da mahaifinta, "Baba, ran Asabar muna da wasa. Ka zo da kyamara, wayoyin mutane ba sa fitar da komai."

Wurin wasan tsohon ɗakin ajiyar kaya ne, rufinsa can sama, tagoginsa ƙanana. Fitilu takwas ne a rataye, uku sun mutu. Ana farawa da ƙarfe biyar, bayan an tashi aiki, lokacin da hasken tagogin ya fara ja baya. Baban Auta ya tsaya a gefe da rigarsa mai aljihu huɗu, ya ɗora filasha, ya danna. A karo na uku alƙalin wasa ya hura usur ya nufo shi.

"Baba, kashe wannan. Kana makantar min da 'yan wasa."

Ya kashe. Abin da ya biyo baya kuwa ba ya ganuwa. In ya bar kyamarar ta sha haske, mutane sai su zama zane-zane kamar an shafa hannu a ɗanyen fenti. In ya sa ta yi saurin ƙiftawa, hoton ya yi duhu. In ya tilasta mata ta ƙaro haske da kanta, fuskoki su cika da yashi-yashi.

A gida Auta ta riƙa wuce hotunan ɗaya bayan ɗaya, mahaifiyarta na leƙe ta kafaɗarta.

"Baba, wannan ni ce ko hayaƙi?"

"Ke ce. Ga lambar rigarki nan."

"Malam, shekara talatin kana sana'a," in ji matarsa, "ashe sai mutum ya sandare kake iya masa."

Ya yi dariya tare da su, amma abin ya tsaya masa a rai. Ran Litinin ya rufe shago da azahar, ya tafi wurin da yake sayen takardar hoto tun zamanin fim. Mai wurin ya rasu, 'yarsa ce ke riƙe da shagon yanzu. Ya zube mata kyamarar da gilasanta uku a kan kantar shagon, ya ba ta labari.

Ta ɗaga gilasan ɗaya-ɗaya ta duba a haske. "Waɗannan lafiyarsu ƙalau, Kawu, kada ka taɓa su. Gangar jikin ce ta tsufa. Idonta na ciki ba ya gani a duhu, kuma kafin ta gama saita mutum ya bar wurin." Ta ɗauko wata daga bayan gilashin kanta, wadda wani mai ɗaukar bukukuwa ya yi shekara biyu da ita ya sauya. Ta ɗaura mata dogon gilashinsa, ta kashe fitilar shagon, ta kunna fanka. "Ɗauki fiffiken."

Ya danna. Kyamarar ta yi tat-tat-tat kamar keken ɗinki, har ya ɗan firgita. A allon bayanta ga fiffike uku tsaye cak, har da ƙurar da ke bakinsu.

"Guda nawa ta ɗauka?"

"Goma sha ɗaya. Ai ka bar yatsanka a kai."

Bai ba da tsohuwar ba, don ita ta san shago. Fitilunsa na ajiya ya kawo, da kyamarar fim ɗin da ya fara sana'a da ita, ya cika da kuɗin da ya samu. Ya yi mako guda yana gwaji a kan masu wucewa a babur da kyanwar mai agogo.

Wasa na gaba ya dawo da hotuna ɗari bakwai. Rabinsu kyamarar ta kama raga ko bango ta bar mutane. Sauran sun fita tas, har gumin goshi ana gani. Ya miƙa wa Auta yana jiran yabo. Ta daɗe tana dubawa.

"Sun yi kyau, Baba. Amma ina keken?"

"Wane keke?"

"Nawa. Duk daga kafaɗa zuwa sama ka ɗauke ni. Sauran 'yan wasan ka ɗauke su har taya. Ni kuwa kamar zan nemi fasfo." Ta ajiye kyamarar a cinyarta. "Ba yau ka fara ba. Tun da na fito daga asibiti haka kake min. Na sunan ɗan Yaya ma haka ne."

Ya buɗe baki zai ce sabo ne na sana'a, sai ya fasa, don ya san ba haka ba ne. Matarsa ta tashi ta shiga kicin. Shi kuma ya ɗauki tsumma ya hau goge gilashin da ba shi da datti.

Ran Talata ya je wurin atisaye. Kocin ƙungiyar, wata doguwar mata da ta rasa ƙafa ɗaya tun tana yarinya, ta gan shi tsaye ta ce, "Baba, daga sama kake kallonmu. Zauna ƙasa, bayan kwandon. Kuma bar bin ƙwallo da ido, bi hannun da ke kan taya. Shi zai gaya maka inda za a juya."

Ya shimfiɗa kwali ya zauna. Daga nan kekunan suka zama manya, suna tahowa kansa da ƙarar ƙarfe da ƙaurin roba. Ya koyi sa kyamarar ta manne wa mutum ɗaya ta bi shi duk inda ya yi. Ya koyi cewa ƙarƙashin fitila ta huɗu ne haske ya fi, don haka can yake jiran su.

A wasa na uku keken wata ya sarƙe da na Auta, Auta ta kife a gefe, ɗaure a jikin keken da bel ɗinta. Bai san lokacin da ya ajiye kyamarar ya shiga fili ba. Usur ya tashi.

"Baba, koma," in ji Auta daga ƙasa, ba ta ko dube shi ba. "Koma wurinka."

Ya koma. Ta dafa ƙasa da hannu biyu, abokiyarta ta kara mata keke, ta yunƙura ta miƙe. Da suka kai ƙofar gida ta dube shi. "Kowa yana faɗuwa, Baba. Ni kaɗai aka shigo ɗauka."

Bayan mako biyar ta sake faɗuwa, dab da inda yake zaune. Wannan karon bai tashi ba, bai kuma ɗage yatsansa ba. Hoto tara ya samu: taya a sama tana juyawa, kuncinta a kan katako, hannu biyu a ƙasa, haƙora a cije, sannan ga ta zaune tana neman ƙwallo da ido. Na ƙarshen ya ɗan karkace.

Ya wanke su duka tara. Auta ta zaɓi na shida, wanda take tsakiyar yunƙuri, ta kafa a teburinta na aiki. Mahaifiyarta ta ce ita dai ba za ta iya kallonsa ba, ta ɗauki wani da Auta ke jefa ƙwallo ta rataye a falo.

Yanzu shagon a rufe yake duk Talata da Asabar daga ƙarfe huɗu, masu neman fasfo sun san haka. Ƙungiyoyi biyu na maza sun nemi ya riƙa zuwa nasu wasan, ya karɓi ɗaya. Gwiwarsa ta hagu ta fara damunsa saboda zaman ƙasa, likita ya ce ya nemi kujera. Mai fenti ya yanke masa wani tsohon bokiti, matarsa ta ɗinka masa matashi daidai bakinsa. A kansa yake zama bayan kwandon, da batir biyu a aljihun sama.