Mai Mayar da Duwatsu

Hanifa ta tarar da tsohuwar kushewar duwatsu a tone, bayan garin Ɗan Kassari. Nan ramin masu neman dukiya ya rufta da ƙanenta, an wuce da shi asibiti.

Wata tsohuwa ce kaɗai a wurin, zanenta ya koɗe, tsagar Arawa a kumatunta. Tana mayar da duwatsun ɗaya bayan ɗaya, tana ba su haƙuri.

"Inna, danginki ne a ciki?"

"Ɗiyata, ban san su ba. Amma wa ke so a yaye mishi mayafi yana kwana?"

Wataƙila ta binne nata da yawa. Hanifa ta tafi tana da-na-sanin rashin kama mata. Har yanzu ba a kira daga asibiti ba.