Malam Ilyasu da Fi'ilan da Suka Rage Masa

Ina wanke hannuna daga ƙurar siminti, ana shirin kiran la'asar, sai na hango Abdurrahman tsaye a ƙofar masana'anta. Bai shigo ba, bai yi sallama ba. Da na matso sai ya ce, "Ammi Sule, abuya… halas." Hausarsa ba ta kai shi ga ƙarasa zancen ba, ni kuma ban buƙaci ya ƙarasa ba. Na yi Innalillahi, na ɗauki hulata, muka nufi unguwar Bab Makka. Mahaifinsa, Malam Ilyasu Tafinta, ya koma ga Ubangijinsa bayan doguwar jinya.

Na san Malam a masana'antar tayil ta wasu Turawan Italiya da ke bayan gari, inda nake leburanci shi kuma yake tafinta tsakaninmu da su. Daga Katsina na zo aikin Hajji ni da matata; ta rasu kafin mu juya, na kasa komawa gida ni kaɗai, na zauna a Jidda ba ni da kowa. Shi kuwa a Masawa aka haife shi, can ɗaya gaɓar Bahar Maliya, inda guzurin iyayensa ya ƙare a hanyar Makka. A nan ya tashi cikin mulkin Italiya, ya yi karatun allo da safe, ya koyi Italiyanci a wurin wani tsohon akawun tashar jirgi, har ya zama tafinta. Danginsa daga baya suka koma Kasala, shi ya ƙetaro nan.

A lokacin na tsinci 'yan kalmomi a bakin Turawan, ina taƙama da su. Wata rana ya ji ni ina maimaita su: porta, kawo, vieni, zo, aspetta, dakata. Ya dube ni ya ce, "Sulaimanu, duk abin da ka iya umarni ne. Ba ka san komai a harshen nan ba sai abin da aka yi maka tsawa da shi. Zo in koya maka yadda ake roƙo da shi, da yadda ake tuna baya."

Haka muka fara, a hutun tsakar rana, ƙarƙashin rumfar kwano, da shayi a tsakaninmu. Ba littafi, ba alli. Da baki yake biya mini kamar karatun allo, yana buga gwiwarsa da tafin hannu: parlo, parli, parla, parliamo, parlate, parlano. Ina magana, kana magana, yana magana, har zuwa suna magana. Ya kira abin tasarifi, kamar yadda malaman Larabci ke kiransa, wato juya fi'ili gwargwadon mai aikin da lokacin aikin. Idan na kuskure ba ya faɗa. Yakan dakata da bugun gwiwar, ya jira, sai na gyara da kaina.

Yana da maganganunsa da ban manta ba. Yakan ce Bature ya raba jiya gida uku: jiya ta kusa, ho parlato, jiya ta nesa wadda aka rufe ƙofarta, parlai, da jiyan da mutum ya daɗe a cikinta, parlavo. "Wannan ta ukun," in ji shi, "ita ce ta baƙo irinmu. Da ita ake cewa nakan zauna a gari kaza, nakan ji muryar wance." Da muka kai sigar shakka da fata, wadda ta fi ba ni wuya, sai ya ce, "Mu mukan ce in Allah ya so a ƙarshen zance. Su a wutsiyar kalmar suka ɗaura shi." Kuma ban taɓa jin ya ce voglio ba, wato ina so. Ko kofin ruwa zai nema wurin Bature, vorrei yake cewa, da na so. A cewarsa, na farkon bakin mai iko ne, na biyun bakin mai kunya.

Ban gane da wuri ba cewa shi ma kaɗaici ne ya sa ya neme ni. Turawan suna girmama shi, amma ba su taɓa zama cin abinci da shi ba. Mutanenmu na Bab Makka suna ganin harshen Nasara ne, ba abin hira ba. Matarsa, Hajiya Sa'adiyya, haihuwar Jidda ce, Larabci ya fi mata sauƙi. 'Ya'yansa, Maryam da Abdurrahman, suna jin Hausa amma da Larabci suke amsawa. Harshen ƙuruciyarsa, wanda yake lissafi da shi a zuci, babu mai amsa masa shi a gida. Da Turawan suka sayar da masana'antar suka tafi, sai ya zama ni kaɗai ne a garin nan yake iya ce wa come stai, wato yaya kake, ya ji an amsa. Kowace Juma'a bayan an sauko nakan bi shi gida, mu zauna a soro, mu juya fi'ili ɗaya tun daga yau har zuwa abin da bai faru ba.

Sai ciwon ya zo. Ya faɗi a hanyar masallaci, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta tafi. Da aka sallamo shi daga asibiti, Hajiya ta aiko a kira ni. Ta ce daga bayan labule, "Malam Sule, ka shigo ka ji. Fatiha yana karantawa daidai, sai kuma wani surutu da ba mu gane ba. Ko ya zauce ne?"

Na shiga na durƙusa kusa da shi. Yana buga gwiwarsa da hannun hagu, bakinsa a karkace: bevo, bevi, beve. Ya sake komowa, ya tsaya a kan bevo, wato ina sha, ya zuba mini ido. Na ce, "Hajiya, bai zauce ba. Ruwa yake so ya sha." Likita ya ce akan sami haka: zancen da mutum zai ƙaga ya ɓace, abin da ya haddace ya zauna. Abin da ya rage wa Malam shi ne Alƙur'ani da tasarifi. Da na farkon yake ganawa da Ubangijinsa. Da na biyun ya koyi yi mana magana: ya kama fi'ili daga kai, ya bi shi a jere, ya tsaya a inda yake nufi.

Daga nan kullum na tashi aiki sai gidansa. Wata rana ya biya mangio, mangi, ya tsaya a mangia, ya yi ta nanatawa. Maryam ta kawo masa kunu, ya kau da kai. Ya ɗaga yatsa ya nuna Hajiya. Sai na tuna kalmar tana nufin yana ci, tana kuma nufin ki ci. Na ce, "Hajiya, ke yake umarta. Ya lura ba kya cin abinci." Ta ɗauki kwanon, ta juya baya, tana ci tana share ido da gefen mayafi.

Rana mafi nauyi a kaina ita ce ranar da ƙaninsa, Alhaji Buhari, ya iso daga Kasala. Ya zo da niyyar tafiya da shi gida, inda akwai dangi masu yawa da za su yi jinya. Kowa ya san Hajiya ba za ta iya barin garin haihuwarta da tsohuwar mahaifiyarta ba. In an tafi da shi, rabuwa ce. Alhaji ya zauna a gefen gado ya ce, "Yaya, ka amince mu koma?"

Malam ya kama fi'ilin komawa, ya wuce na yanzu, ya wuce na jiya, ya tsaya a wata kalma da bakinsa ya cinye ƙarshenta. Tornerò ne, zan koma, ko tornerei, da na koma? Sautin ƙarshen kaɗai ya raba su, kuma a kansa makomar gidan ta rataya. Kowa ni yake kallo. Na ce, "Malam, gafarta, a sake biya mini." Ya tattara ƙarfinsa, ya faɗi ta farko ya girgiza kai, ya faɗi ta biyu ya tsaya. Sannan ya kama wani fi'ilin, na zama, resto, resti, resta, ya tsaya a restiamo.

Na ce, "Alhaji, ya ce da ya koma, da hali ya yi. Amma ya ce muna nan."

Alhaji ya dube ni ya ce, "Shi ya faɗa, ko kai ka faɗa?"

Sai Malam ya miƙa hannun hagunsa ya kama na ƙaninsa ya ɗora a kan katifar, ya danna. Alhaji ya sunkuyar da kai, sannan ya ce, "Shi ke nan, Yaya. Na ji."

Ranar da ya rasu mun yi masa sutura, mun kai shi makwancinsa kafin magariba. Da aka yi kwana uku, mutane sun ragu, Hajiya ta sa aka kira ni bakin labule. Ta ce, "Malam Sule, akwai kalmar da yake faɗa mini in ba ka nan. Na riƙe ta, ban so in tambaya yana raye ba." Ta faɗe ta da harshenta na Jidda, a hankali: fardonami.

Na ce, "Hajiya, cewa yake ki yafe mini."

Ta ce, "Na zaci haka. Kullum ya faɗa nakan ce na yafe."

Ya Allah, ga bawanka Ilyasu ya zo gare ka, baƙo ɗan baƙi. Kai da ba ka buƙatar tafinta, ka ji abin da harshensa ya kasa furtawa, ka yafe masa kamar yadda iyalinsa suka yafe. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sada shi da iyayensa cikin rahama. Ka ba Hajiya Sa'adiyya haƙuri, ka raya Maryam da Abdurrahman a kan tarbiyyarsa, ka sanyaya zuciyar 'yan'uwansa na Kasala. Mu da muka rage a soron nan, ka ɗebe mana kewa, ka kyautata namu ƙarshen. Amin.