Karkataccen Layin Baba Mai-bango

Duk wanda ya yi digiri a jami'ar nan cikin shekara talatin da huɗun da suka wuce, idan ya juya kundinsa zai ga wani ɗan tauraro a ƙasan bangon baya. Tambarin Baba Mai-bango ke nan. Shagonsa yana layin da ke kallon ƙaramar ƙofar jami'a, ɗaki ɗaya mai warin gam, da injin matsi na ƙarfe wanda ya girmi rabin malaman da ke ciki. Ɗalibi ya gama shan wahalar bincikensa, ya kawo takardu a warwatse, Baba ya ɗinke, ya matse, ya sa baƙin bango, ya zuba suna da ruwan zinare.

Halinsa kuwa sai haƙuri. Mutum ne mai kyauta, amma kyautarsa da faɗa take tafe. Zai yi wa ɗalibin da ba shi da hali aiki a banza, sannan ya kore shi da masifa don kada ya tsaya godiya. Shi kuwa a ba shi, ko ruwan sha ne, sai ya ɓata rai. Bai taɓa ɗora rula a kan bango ba. In ka yi masa maganarta sai ya nuna fuskarsa ya ce, "Ga rulata nan. Ni ba na sakin aikin da ya karkace."

A da ba ya ɗinke kundi sai ya karanta shi, har yakan ce in da gaskiya ake bi ya fi shugaban jami'a yawan digiri. Shekara bakwai ke nan ya daina, wai yaran yanzu ba sa rubuta abin karantawa. Ƙarya yake yi. Yanar ido ce ta rufe masa gani, haruffa suka koma masa kamar tururuwa a cikin hayaƙi. Hannu ya ci gaba da aiki da lalube, shi kuma ya ci gaba da taurin kai. Me zai sa ya damu? Malaman jami'a na tsayar da mota su ce masa, "Baba, aikinka kullum sai ƙara kyau yake." Sai ya gyara zama ya ce tsufa ai ba ya taɓa gwani.

Bango ɗaya ya raba shi da Uwar-biyu mai fotokwafi. Lokacin da mijinta ya rasu ya bar ta da tagwaye, Baba ne ya koya mata ɗinkin kundi, ya tura mata tsohon injinsa, ya ce wai ya tare masa wuri. Tun daga nan kullum suna cikin cacar baki. Ya ce injinta ya cika ƙara, ta ce gam ɗinsa ya hana ta numfashi. Ita Baba take kiransa, shi kuma "ke yarinyar nan", alhali ta aurar da tagwayen.

A hutun ƙarshen zango autarsa ta zo ta tasa shi gaba zuwa asibiti a cire masa yanar. Ya yarda, amma da sharaɗin kada kowa ya ji. Ya rufe shago mako uku, ya ce ya tafi ganin jikoki. Ranar da ya dawo yana sanye da baƙin tabarau, mutanen layin suka yi ta kallon juna, a ransu suna cewa idon ya ƙarasa.

Bai gama kakkaɓe kujera ba wata ɗaliba ta yi sallama, rungume da takardu.

"Baba, sannu da dawowa. Kundina ne na digiri na biyu. Yau ne ranar ƙarshe, kafin ƙarfe huɗu zan miƙa."

"Daga wane sashe, 'yata?"

"Cibiyar Nazarin Kyauta da Ayyukan Jinƙai."

"Kyauta? Ita ma yanzu sai an shiga aji? To, Allah Ya kyauta. Dawo ƙarfe uku."

Tana fita ya cire tabarau. Kai, duniya da daɗi! Baƙaƙen nan suka tsaya masa ɗaya bayan ɗaya, tas. Tsohon ƙwaɗayin karatu ya motsa, ya ja kujera bakin taga. Kundin a kan kyautar da ba ta kuɗi ba ce, wadda ake yi a ɓoye. Ɗalibar ta yi hira da mutum ashirin, ta sakaya sunayensu kamar yadda dokar bincike ta ce, kowa ta ba shi lamba. Baba yana karantawa yana gyaɗa kai, yana cewa yarinyar nan ta iya. Har ya zo babi na huɗu, wurin Mai Amsa ta Tara. An rubuta maganarta yadda ta faɗe ta:

"Ni ba kyauta nake yi ba, gyara nake yi. Maƙwabcina ne, shi ya koya mini sana'a. Shekara bakwai ke nan idonsa ya tafi, amma bai yarda ba. Layin sunan sai ya gangara kamar zai faɗo daga bangon. Wani lokacin ya ɗinke babi a kife. Ranar farko da na gani, wani yaro ne ya fito yana huci zai koma ya yi masa rashin mutunci, na tare shi na ce kawo. Tun daga ranar duk wanda ya fito daga wurinsa sai ya biyo ta wurina. In ɓare bangon, in sake sabo, minti arba'in. Na sa an sassaƙa mini tauraro irin nasa, don sunansa ya ci gaba da tafiya."

Baba ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi a baya. Ya ce a ransa maƙwabta ai suna da yawa a duniya. Ya ci gaba.

"Mutum ne da yake cewa idonsa ne rularsa. Ta yaya zan kalle shi in ce rular ta karye?"

Ya miƙe tsaye, kujera ta faɗi. "Innalillahi!" Kalmar kaɗai ta fito. A saman kanta akwai kundaye kusan goma da masu su ba su taɓa zuwa sun karɓa ba, waɗanda ba su bi ta hannun kowa ba sai nasa. Ya sauko da na farko. Sunan jami'a ya fara daga sama ya gangaro kamar akuya a kan tudu. Na biyu, gam ya malalo ya bushe a kan sunan mai shi. Na uku ya buɗe, shafin godiya yana tsaye da ka. Ya sauko da su duka, yana neman guda ɗaya tak da zai tsaya masa shaida. Bai samu ba.

Ya zauna a ƙasa, dattijo mai shekara saba'in, a tsakiyar aikin hannunsa. Shekara bakwai! Ɗalibai nawa ke nan? Kowane ɗayansu ya karɓi wannan abin kunya, ya ce "Na gode, Baba," ya fita ya shiga shagon kusa. Malaman da ke tsayar da mota, aikin wa suke yabo? Shi kuma yana nan yana hura hanci, yana ƙorafin ƙarar injinta, ashe ƙarar nan rufin asirinsa ce. Duk layin sun sani. Mai shayi ya sani, mai gadin ƙofa ya sani. Shi kaɗai aka bari a duhu, kuma shi ya zaɓi duhun.

Kunya ta fara zuwa, fushi ya biyo ta. Wa ya aike ta? Wa ya ce mata yana neman taimako? Ya tashi ya nufi ƙofa, kundin a hannu, zai je ya ajiye mata shi a kan injin ya ce karanta. Ƙafarsa ɗaya a waje idonsa ya faɗa kan ragowar shafin. Ɗalibar ta tambaye ta, idan ya gane fa?

"Ranar da ya gane, na bar layin nan. Wallahi ba zan iya haɗa ido da shi ba. Shi mutum ne da bayarwa kawai ya iya. Ni kuma wannan ne abu ɗaya da na taɓa samu na ba shi, ya karɓa. Ki rubuta, ba komai, ai ba ya iya karantawa."

Baba ya dawo da ƙafarsa ciki. Ta jikin bango yana jin Uwar-biyu tana yi wa wani ɗalibi tsiya a kan takardar da ya cukurkuɗe, tana dariya. Shekara ashirin yana jin muryar nan, bai taɓa tunanin wata rana za a wayi gari babu ita a layin ba. Abin da ya ƙara girgiza shi, masu ilmin nan sun ɓoye sunanta, sun ba ta lamba, sun cika duk ƙa'idarsu, sannan suka ɗauko asirin da hannu biyu suka kawo wa mutum ɗaya a duniya da bai kamata ya gani ba. Ita ce ma ta turo yarinyar, yadda take turo masa kowa.

Ƙarfe ɗaya ta wuce. Ya mayar da kundayen kan kanta, ya juya fuskarsu bango, ya wanke hannu. Ya jera takardun ya ɗinke, ɗinkin da rabonsa da irinsa tun idonsa na ƙuruciya. Ya yanke gefe sumul, ya shafa gam daidai, ya matse. Saura zuba suna. Ya jera haruffa, ya ɗora bangon a ƙarƙashin ƙarfe mai zafi, idonsa ya nuna masa inda layin zai zauna cif, ba rula ba komai. Ga ranar da zai nuna wa duniya gwani ya dawo. Ya daɗe a tsaye hannunsa a kan mariƙin.

Sai ya sa babban yatsa ya ture bangon gefe guda, ya danna.

Da ya ɗaga, sunan ya gangara kamar na sauran. Wannan karon da idonsa ya gani, kuma ya ji zafinsa har cikin ƙirji. Ya juya bayan, ya buga tauraronsa, ya mayar da baƙin tabarau.

Ƙarfe uku ɗalibar ta shigo. Ya miƙa mata. Ya ga yadda idonta ya sauka kan layin, ya ga ɗan guntun murmushin tausayi da ta haɗiye, abin da aka shekara bakwai ana yi a gabansa.

"Ya yi kyau, Baba. Na gode."

"Ni ba na sakin aikin da ya karkace," ya ce. "Yi sauri, 'yata. Huɗu ta kusa, kuma kina da sauran tafiya."

Ta fita, ta waiga sau ɗaya, ta shige shagon kusa. Baba ya ja kujera ya jingina da bangon da ya raba su. Ya ji ƙarar ɓare kwali. Jim kaɗan tsohon injinsa ya fara bugawa a can ɗaya gefen. Hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin tabarau, ya goge da bakin riga, ya dunƙule hannu ya daki bangon sau uku.

"Ke yarinyar nan! Injin nan naki ya cika ƙara!"

"Ka yi haƙuri, Baba," ta amsa daga can. "Ɗan gyara nake yi, yanzu zan gama."