Bayan Kunnen Hagu

Ranar Juma'a bayan la'asar muke kallon fim a ɗakinmu na unguwar Gubaira, nan ƙasar Larabawa inda muke ci-rani. Ni ne tafinta, domin na yi shekaru a Mumbai ina sarin atamfa, na tsinci Indiyanci kamar yadda na tsinci Larabci a Khartum.

Fim ɗin ranar labarin wasu Indiyawa ne da ke zaune a ƙasar waje. Maigida ya mutu, iyalinsa suka ce daga bene ya faɗo, amma wani ɗan sanda ya hana a taɓa gawar har kwana tara.

"Kwana tara!" in ji wani direba Bakano da muke ɗaki ɗaya. "Su dai ba su san suturta mamaci ba."

Na ukunmu magini ne daga Maraɗi. Mako uku ke nan da aka tsinci gawar ƙanensa a wani sito a unguwar Sulay. Kafil ɗinsu, wato ubangidan da ya ɗauko su aiki, ya ce ciwon zuciya ne. Ya kawo takardar yafe bincike, ya ce in ba a sa hannu ba, gawa za ta yi makonni a firji. Ni na karanta wa maginin ita. Duk yawona ban ga masu jin kunyar barin gawa ta kwana kamarmu ba. Kafin azahar ya sa hannu. Ni kuma na yi wa mamacin wanka.

A fim ɗin, ɗan sandan ya juya kan gawar, ya nuna wani kumburi baƙi a bayan kunne, ya yi dogon bayani. A nan na daina fassarawa.

"Alhaji, Indiyancin ya ƙare ne?" in ji direban yana dariya.

Maginin ya tsayar da fim ɗin. Ba allon yake kallo ba, ni yake kallo.

"Baba," ya ce, "kai ka wanke shi. Ka juya kansa?"

Tun muna yara aka koya mana cewa mai wankan gawa ba ya faɗin abin da ya gani. Da wannan na fake mako uku. Amma asirin mamaci aka ce a rufe, ba na wanda ya buge shi ba.

"Bayan kunnen hagu," na ce.

Bai yi kuka ba. Iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, tana hannun kafil ɗin nan, duk mun sani. Ya tambayi direban ƙarfe nawa ake buɗe siton gobe, sannan ya jawo takalmansa ya jera su a bakin ƙofa.