Tsagaggen Turmin Inna Baiwa

Kowa a Matameye ya san Inna Baiwa mai fura, kuma kowa ya san turminta a tsage yake. Shekara da shekaru ana yi mata tsiya a kansa. Mahauta sun yi, 'yan awon gyaɗa sun yi, har jikokin ƙawayenta sun taso sun tarar da zancen. Wai mace tana sayar da fura duk ranar kasuwa, amma rowa ta hana ta sayen turmi. Ita kuwa sai ta yi dariya ta ce ai na mutane ya fi daɗin daka.

Da ta idar da sallar asuba, gari ya soma haske, sai ta ɗora ƙwaryar gero a ka ta fita. Ba ta sauri. Lungu-lungu take bi, kai a karkace kamar mai ciwon wuya. Kunne take ba gidaje. Ta san ƙarar turmin kowa a unguwa: na gidan liman mai nauyi ne, na gidan maƙera kuwa 'yan mata ne ke lugude har da tafi. Gidan da ta ji shiru jiya, yau ma ta ji shiru, nan take tsayawa ta yi sallama, ta roƙi aron turmi. In ta gama surfe da daka, sai ta bar gari a faifai ta ce rabon turmi ne, ta yi gaba abinta.

Gidajen da ta shiga da yawa, ba kuwa zan ambace su ba, don ita ma ba ta taɓa ambata ba. Gida ɗaya ne matar gidan ta ce a faɗa, da sunanta da komai.

A'ishatu 'yar garin Dawce ce, 'yar gidan da rumbu bai taɓa ganin ƙasa ba. Aure ya kawo ta Matameye gidan Illa. A shekarar da damina ta yanke tun gero bai kai ko'ina ba, Illa ya tafi ci-rani Jos kamar sauran maza, ya bar ta da 'ya'ya da ɗan abin da ya samu. Abokan tafiyarsa suka dawo da farkon ruwa, shi shiru. Hatsi ya ƙare. A'ishatu ba ta faɗa wa kowa ba. Da maƙwabciya ta aiko da tuwo, sai ta mayar, ta ce a gaishe ta, sun riga sun ci. Kullum da yamma takan hura wuta ta ɗora tukunyar ruwa zalla, don masu wucewa su ga hayaƙi. Rama da tafasa take tsinkowa a bayan gari tana ba yara. Ƙaraminsu Salisu, wanda ba a daɗe da yaye shi ba, ya daina kuka ma, sai kallo. Ta fi son ƙasa ta tsage ta shige da a ce matar Illa tana bara, ga shi kuwa yaron yana ƙarewa a gabanta.

Hayaƙi ya ruɗi kowa, ban da mai sauraren tabarya.

Inna Baiwa ta yi sallama da sassafe. "'Yar nan, a taimaki tsohuwa da turmi. Nawa kin dai san halinsa."

"Ga shi nan, Inna. Bismilla."

Turmin a kife yake, har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Inna ta gani, ta share da gefen zane. Ba ta dubi rumbu ba, ba ta tambayi labarin Illa ba. Ta yi ɗan daka kaɗan, sai ta dafe kafaɗa ta ce, "Kai, tsufa! Zo ki kama mini, ɗiyata, hannunki ya fi nawa." Suka yi ta yi tare har gari ya yi laushi. Inna ta kwashe nata, ta bar faifai cike, ta fita.

Ba ta kai bakin rijiya ba sai ga A'ishatu a guje da faifan. "Inna, kin manta garinki."

A nan ne wani zai ce, karɓi mana, ai na ga halin da kuke ciki. Da ta faɗi haka, da ƙofar gidan nan ta rufe har abada. Inna Baiwa sai ta ɓata rai, ɓacin rai na gaske ka ce zaginta aka yi.

"Au! So kike a ce Baiwa tana cinye turamen mutane a banza? Kin ba ni turmi, kin ba ni ƙarfinki, sannan ki kunyata ni a kan hanya? To shi ke nan. Gobe sai in ja ƙafafun nan har bayan kasuwa in nemi wani."

"Wallahi ba haka nake nufi ba, Inna."

"To koma da shi. Gobe kuma ki tashi da wuri, geron da zan kawo ya fi na yau."

A'ishatu ta koma gida tana ganin ita ce ta yi wa tsohuwa alfarma. Ran nan tukunyarta ta dafa abin da ya wuce ruwa. Haka suka yi ta yi har kaka. Salisu ya murmure, ya dawo da kukansa, ya ƙara da ɓarna. Matan bakin rijiya, waɗanda ba abin da ke wuce su, suka tare Inna suka ce, "Me kika gani a gidan Illa da kike ta zarya?" Ta ce, "Turmi." Suka jira ƙari, ba su samu ba.

Ke ce wannan, Inna. Ke ce mai ba mutum abinci ba tare da kin karɓe mutuncinsa ba. Geron da kike rabawa daga 'yar gayaunarki yake fitowa da ribar furarki, ba daga rumbun wani attajiri ba. Idonki ya ga abin da zai ishi gari hira har shekara, bakinki bai fitar da ko ɗaya ba. Ba ki taɓa tambayar mace laifin wa ne ba kafin ki sauke ƙwarya. Kin yarda a kira ki marowaciya, don kada a kira wata mabaraciya.

Illa ya dawo bayan girbi, a rame, ashe ciwo ne ya kwantar da shi a can. Da ya ji labarin tsohuwar da ta yi ta aron turmi a gidansa, sai tausayinta ya kama shi. Namiji ke nan! Bai shawarci kowa ba ya tafi ƙauyen Yauri nan kusa wurin Haruna masassaƙi, ya sa aka sassaƙa turmin ƙirya, ƙato, mai kyau. Ranar kasuwa ya ɗauko shi a kan jaki, jama'a na biye ana shewa, har ƙofar Inna Baiwa.

"Inna, daga yau kin huta da yawon gidajen mutane."

Waɗanda ke wurin sun ce ba su taɓa ganin an ba mutum kyauta fuskarsa ta yi haka ba. Ta dubi turmi, ta dubi Illa, sannan ta sa masa albarka mai tsawo, don ta san da zuciya ɗaya ya yi. A'ishatu ce ta taya aka gangara da shi cikin gida. A bayan ɗaki ta ga tsohon turmin, an lulluɓe shi da tabarma. Ta ɗaga. Lafiyarsa lau, ko tsagar gashi babu. Ta daɗe a tsaye, hawaye na zuba. Sannan ta mayar da tabarmar yadda ta same ta, ta fito ta ci gaba da gaisawa da mutane, ko mijinta ba ta faɗa wa ba.

Washegari Inna ta fito da ƙwaryarta kamar kullum. Wai sabon turmi yana sa wa fura warin itace. Da aka kwana biyu ta ce tabaryarta ta yi masa gajarta. Maza suka ce tsohuwar nan ba ta da godiya. Mata kuwa da yawansu sun san abin da suka sani.

Bana kafaɗun Inna suka ƙi. Tabarya ta gagare ta, ta bar fura, ta bar yawon safe. Ba ta da ɗa a gari, kuma irin A'ishatu ce wurin kunya. Da yamma ana ganin hayaƙi a gidanta.

Wata safiya ta ji sallama. A'ishatu ce, da ƙwaryar gero a ka.

"Inna, turmina ya tsage."

Tsohuwa ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Can ta nuna kyautar Illa da haɓa ta ce, "Ga shi can, ba a taɓa shi ba. Yana sa warin itace fa."

"Zan jure, Inna."

Da A'ishatu ta gama ta nufi ƙofa, faifai na nan cike a gindin turmi. Inna ta buɗe baki ta ce, "'Yar nan, kin man…" sai ta fasa. Ta jawo faifan gabanta.

Mun gode, Inna Baiwa. Allah ya ba ki lafiya, ya rufa miki asiri yadda kika rufa wa bayinsa. An ce yanzu a Damagaram ana koya wa 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, aikin shiga gidaje duba marasa ƙarfi. Madalla. Duk wadda za ta kama wannan aiki, ta zo ta gaishe ki tun kina raye, ta koyi yadda ake sallama da yadda ake kama baki. Mu kuma da ba mu je lakwal ba, muna da kunne. Gobe da safe, kafin kowa ya kama harkarsa, ya ɗan tsaya a ƙofar gida ya saurara, ya ji gidan wa ne ba a daka.