Shukar da Ke Jin Sanyi

Shekarun baya, da muka kama haya a wani tsohon gidan ma'aikatan masaƙa a Kakuri, na tarar da wata shuka a bayan ɗakinmu. Ba ganye ba fure, sai korayen rassa masu kauri, duk ƙaya, tsayinta iya gwiwata. An kewaye ta da fararen duwatsu.

Ni kuwa Allah ya yi ni da shisshigi a kan shuke-shuke. Na tura wa mahaifiyata hotonta, ta ce, "Kamar tinya, kamar ba ita ba. Ki dai hana 'yarki taɓa ruwanta, yana lalata ido." Maƙwabcinmu, wani bakanike Ibo, ya leƙo ya ce, "Madam, ki bar shi kawai. Haka muka same shi."

Ina fa zan bari! Tausayinta nake ji, wai ƙishirwa na damunta. Safe da yamma sai na juye mata bokiti, na kuma kwashe duwatsun don in ji daɗin shara.

Washegari na dawo daga aiki na tarar duwatsun sun koma inda suke, an zuba busasshen yashi a gindin. Na tambayi mutanen gida, kowa ya ce ba shi ba ne. Na sake kwashewa, suka sake komawa. Mijina ya yi ta dariya, wai aljanun Kakuri ma sun fi ni iya lambu.

Sai gindin ya fara baƙi yana laushi. Wata safiya ina ɗauke da bokiti, 'yata mai shekara huɗu ta riƙe mini zane.

"Mama, ki daina zuba mata ruwa. Sanyi take ji."

"Wa?"

"Jaririyar."

Wallahi tsigar jikina ta tashi. Ranar Asabar na ɗauko fartanya, na ce gara in tone ta kowa ya huta. Na ɗaga hannu ke nan sai na ji an ce, "'Yata, don Allah kar ki tona."

Tsohuwar da ke suyar doya a bakin layinmu ce, 'yar kudancin Kaduna. Ta ce a ɗakin nan suka zauna da mijinta lokacin masaƙa na aiki. Ta haifi 'ya mace, ba ta yi sati ba ta koma, suka binne ta a nan. A ƙauyensu wannan shukar ake dasawa a kan irin wurin, don kada dabba ko fartanya ta kai gare shi. Ita ce ke shigowa da rana tana mayar da duwatsun, kunya ta hana ta yi mini magana.

Ta taɓa gindin. "Ruwa ya ruɓar da ita. In ta mutu, ba wanda zai san akwai mutum a nan."

Na ajiye fartanyar. Ta nuna mini yadda zan ɗaure leda a hannu in yanke lafiyayyen reshe, in bar shi a inuwa har bakin yankan ya bushe, sannan in kafa shi cikin yashi, ba ruwa. Haka muka yi, ya kuwa kama.

Kafin ta tafi ran Asabar ɗin nan na ce, "Mama, ashe ke kika ba 'yata labarin jaririyar."

Ta dube ni. "Ni? Ai tana makaranta nake zuwa. Ban taɓa magana da ita ba."

Har muka tashi daga gidan ban san sunan shukar ba, ita kuwa tsohuwar, da sunan 'yarta take kiranta. Abin da na koya dai shi ne in riƙa tambaya kafin in gyara abin da na tarar. 'Yata ta girma, ta ce ba ta tuna komai. Ni ce har yau, in hadari ya haɗu ta wajen Kakuri, nake tunanin ko masu ɗakin yanzu sun san su kifa kwano a kanta, kada ruwa ya ruɓar da ita.