Takardar inshorar da na ƙi sa wa hannu

Jama'a, yau na yi ƙarya da furfurata!

Sati uku ke nan ina kwance da karaya, tun da mota ta buge ni a hanyar Sandamu. Cikinku ba wanda ya leƙo. Direban da ya buge ni, Hadi, shi ke zuwa kullum bayan la'asar.

Ɗazu ya shigo da takardar inshora. Ya ce, "Baba, sa hannu nan, kamfani zai biya kuɗin magani, magana ta ƙare."

Na ce, "In ta ƙare, gobe za ka zo?"

Ya sunkuyar da kai.

Sai na ce masa hannuna na ciwo, ya dawo gobe.

Wallahi hannuna lafiyarsa ƙalau.